BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: GULBINMU DA DOKAR ƘARAMAR HUKUMA

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Jega ko Aliero ko Maiyama ya san cewa ga yaro shekara kashi biyu take, watau lokacin da ruwa ke kwance da lokacin da ya janye. Ni dai a Ɗanwarai aka yanke mini cibiya, kuma har gobe ban manta da yadda mukan ƙosa damina ta zauna ba, tafkuna da kududdufai su cika su batse, mu sulale daga gona da hantsi mu je mu yi ta iyo har idanunmu su kaɗa su yi ja wur. In kuwa aka yi dace wani babba zai tafi cin kasuwar Jega ya ce mu raka shi, to ran nan sallarmu ta zo, domin za mu ga Gulbin Zamfara da idonmu, wanda waɗansu ke kira Gulbin Gindi, ya biyo ta Gummi ya ratsa ta Jega, yana neman inda zai haɗu da Gulbin Kabi. Da rani, idan ruwa ya ja da baya, rairayi yakan fito fari tas, masu wanki su shanya tufafi a kansa, samari su yi ta tsere da kokawa, masu lambu kuma su jera injinan ban ruwa a gaɓa.

Maƙasudin wannan 'yar maƙala shi ne in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai da shugabanninmu a kan wata magana guda. Maganar kuwa ita ce, ruwan nan da muke jin daɗinsa yana cin 'ya'yanmu da ƙannenmu kowace shekara, kuma maganin abin yana hannun hukumar da ta fi kusa da mu, watau ƙaramar hukuma, in har za ta yarda ta kafa doka ta damƙa ta ga mutanen da suka san ruwan. Ban zo da niyyar a raba yaro da gulbi ba. Abin da nake nema shi ne a shirya masa wurin shiga da lokacin shiga da mai tsaronsa, tun kafin a kai ga neman gawa.

Abin da Bulala ta Kasa Yi

Bari in soma da abin da ya faru a gabana, don kada mai karatu ya ce labarin jarida nake ba shi. Ina aji biyar na firamare muka tafi wanka mu shida a wani rami da aka haƙi ƙasar gini a cikinsa, ruwan sama ya cika shi. Bakinsa iyakar gwiwa ne, amma taku uku gaba sai ƙasa ta yanke kamar rijiya. Wani abokina da bai iya iyo ba ya biyo mu, muna ta shewa ba mu ankara ba, sai wani daga cikinmu ya ga tafin hannu kawai a saman ruwa. Bai yi ihu ba, bai kira kowa ba, domin wanda ruwa ke ci ba ya samun numfashin yin kururuwa. Allah ya kawo wani makiyayi yana wucewa da shanunsa, ya kwanta rub da ciki a bakin ramin ya miƙa masa sandarsa, ya jawo shi.

Da labari ya kai gida, kowanenmu ya sha dukan da bai taɓa sha ba, aka kuma rantse cewa duk wanda aka sake gani a bakin ruwa sai an karya masa ƙafa. To, me mai karatu ke tsammani mun yi? Kwana uku tsakani muka koma iyo, sai dai wannan karon mun zaɓi wani tafki can nesa da gari, inda muka tabbata babu babban da zai gan mu, balle ya kai ƙararmu. Watau bulalar nan ba ta hana mu ruwa ba, iyaka dai ta kore mu daga inda makiyayi ke wucewa zuwa inda ko tsuntsu ba ya giftawa. Da abin ya sake aukuwa a can, da ba wannan labarin nake bayarwa ba.

Wannan ita ce hujjata ta farko. Hani tsurarsa, wanda ba a haɗa shi da wata mafita ba, ƙara wa yaro haɗari yake yi. Ƙasar da zafin Maris da Afrilu ke wuce digiri 40, ba a iya gaya wa yaro ya zauna yana kallon ruwa daga nesa.

Dokar da Muka Gada

Waɗansu sukan ɗauka cewa dokar shiga ruwa baƙon abu ne da Turawa suka zo da shi. Wannan kuskure ne babba, kuma Bakabe ya fi kowa sanin haka. Tun kafin a san wani abu wai shi hukumar hanyoyin ruwa, garuruwan bakin gulbi suna da Sarkin Ruwa, wanda shi ke faɗin ranar da za a buɗe su da ranar da za a rufe, shi ya san gurbin da ke da zurfi da mashigin da ke da kada, shi kuma ake nema idan ruwa ya ci mutum. Sarkawa da 'yan fito suna ƙarƙashin ikonsa, kuma wanda ya ƙetare maganarsa yakan gamu da fushin hakimi.

Mu dubi Argungu, wadda ba ta da nisa da mu. Bikin kamun kifi da ake yi a can ya samo siffarsa ta yanzu ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun da 'yan Adam suka gada. Dubban masunta ne ke afkawa cikin Matan Fada a lokaci guda, ga kuma wasannin kabanci, irin su tseren kwalekwale da gasar iyo da nutso da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu. In ana maganar jin daɗin ruwa, ai ba a wuce nan. Amma fa a lura, wannan shagali duka a kan doka yake tsaye. Ba a su a wurin sai lokacin biki. Ba mai sa ƙafa cikin ruwa sai Sarkin Ruwa ya gama nasa aiki an ba da alama. Kayan aikin da aka yarda da su an san su, homa ce da gora. In lokaci ya cika kuma kowa ya fito.

Goran nan kuwa ya cancanci mu tsaya a kansa kaɗan. Basarke, wanda aka haifa a bakin ruwa, wanda ya iya iyo tun kafin ya iya sa wando, shi ne ba ya shiga zurfi sai da ƙaton gora da zai hau ya huta a kansa. Bai taɓa jin cewa goran ya rage masa mazakuta ba, ba a kuma taɓa ce masa ya raina ƙaddara ba. To, rigar ruwa da ake ta fama da fasinjoji su sa a yau, mene ne ita in ba goran zamani ba? Abin mamaki, gwanin ruwa yana riƙe da nasa, amma ɗan kasuwar da bai iya ko wuntsila ƙafa ba yana cewa rigar ta takura shi.

Inda Gizo ke Saƙa

Abin da ya same mu shi ne mun saki tsohuwar igiya ba mu kama sabuwa ba. Tun daga gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya kawo ƙarshen mulkin En'e, ikon sarakunan gargajiya na tilasta doka ya yi ta raguwa, har ya zama Sarkin Ruwa yana da rawani amma ba shi da sanda. In ya ce wa mai jirgi lodin nan ya yi yawa, mai jirgi na iya tambayarsa wace takarda ta ba shi izni. A ɗaya gefen kuma, gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, watau NIWA, a 1997, da hedkwatarta a Lakwaja. Tana da dokoki masu kyau, waɗanda aka sabunta a 2023, da suka hana tafiyar dare da lodin da ya wuce ƙima, suka kuma wajabta rigar ruwa ga kowane fasinja. Sai dai ma'aikatanta ba za su iya tsayawa a kowane mashigi da ke tsakanin Gummi da Yawuri ba, balle kududdufin bayan gari. Sai aka wayi gari mai iko ba ya wurin, wanda ke wurin kuma ba shi da iko.

Sakamakon wannan giɓi ba ɓoyayye ba ne. Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja zuwa Warra ta ƙaramar hukumar Ngaski ya dare ya nutse a Kwara da mutum fiye da 150, kuma waɗanda aka ceto da rai ba su wuce 20 da 'yan kai ba. A ƙarshen Nuwamba na wannan shekarar, a madatsar ruwan Watari ta Bagwai cikin Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yaran Islamiyya ne da za su halarci Mauludi. A Janairun 2023 jirgin manoma ya kife a ƙasar Koko da Besse. A Mayun 2023 kuma yara aƙalla 15, galibinsu 'yan mata, suka halaka a Dandeji ta ƙasar Shagari a kan hanyarsu ta zuwa itace. A Agustan 2025 aka sake jin irin wannan labari daga Goronyo, mutane na kan hanyar cin kasuwa.

In mai karatu ya bi labaran irin waɗannan haɗurra ɗaya bayan ɗaya, zai tarar dalilan da ake ambata kusan jirgi ɗaya ne ya kwaso su: lodi ya wuce ƙarfin jirgi, ko katakonsa ya tsufa, ga shi kuma ba mai rigar ruwa a jikinsa. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar injiniya kafin a gane shi. Mutum guda mai ido da iko, tsaye a bakin mashigi, ya isa.

Waɗannan kuma su ne waɗanda rediyo ya faɗa don yawansu. Yaron da ya nutse shi kaɗai a ramin bulo, da almajirin da ya je wanki ranar Alhamis bai dawo ba, da jaririn da ya faɗa rijiyar da ba murfi, su ba mai ƙidaya su sai iyayensu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar cikin Disamban 2024, ta ƙiyasta cewa mutum 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Rahoton ya nuna cewa daga 2000 zuwa lokacin yawan mace-macen, idan aka auna shi da yawan jama'a, ya ragu da kashi 38 cikin 100 a duniya baki ɗaya, amma a Afirka da kashi 3 kacal ya ragu. Ashe ke nan abin yana jin magani, mu ne ba mu sha ba.

Ina Hannun Ƙaramar Hukuma?

Na san wani ɗan'uwa daga sashen shari'a zai tashi ya ce ai ruwa na tarayya ne, har ma ya kawo hukuncin Kotun Ƙoli na Janairun 2024, wanda ya tabbatar wa gwamnatin tarayya ikon hanyoyin ruwa a shari'ar da aka yi da Jihar Legas. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma ina roƙonsa ya buɗe Tsarin Mulkin 1999 ya duba Jadawali na Huɗu, inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi. Zai ga cewa ba da lasin kwalekwale yana ciki, a layi ɗaya da na keke da amalanke da baro. Zai kuma ga kula da kasuwanni da tashoshi da wuraren shaƙatawa na jama'a. To, hukumar da aka ba ikon yanka wa kwalekwale lasi, ai an ba ta ikon duba shi kafin ta yanka. Karɓar kuɗin rasit ba tare da an leƙa cikin jirgin ba, cin haƙƙi ne da sunan doka.

Bugu da ƙari, tafkin ƙauye da ramin ƙasar gini da rijiyar unguwa ba hanyoyin jiragen ruwa ba ne, babu wata hukumar Lakwaja da za ta zo ta kewaye su. In ƙaramar hukuma ba ta yi ba, ba mai yi. Game da kuɗi kuwa, a ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko yaya aiwatar da hukuncin ya kasance, ya ba talaka hujjar da zai tambayi kansilansa abin da aka yi masa. Abin da zan zayyana a ƙasa kuma yawancinsa bai kai kuɗin walimar rantsar da shugaba ba.

Shawarwari

Na farko, majalisun Jega da Aliero da Maiyama su zauna da hakimai da Sarakunan Ruwa da 'yan fito, su rubuta dokar ruwa gajeriya, da Hausa, cikin boko da ajami, wadda mai shela zai iya faɗa a kasuwa cikin minti biyar. Ya kamata dokar ta zama iri ɗaya a duka ukun, domin ruwa bai san iyakar ƙaramar hukuma ba, mutanenmu kuma kasuwa ɗaya suke ci. A cikinta a ambaci Sarkin Ruwa da sunan sarautarsa a matsayin wakilin hukuma a mashigi, a yanka masa ɗan alawus, a ba shi ikon hana jirgi tashi, ɗan sanda kuma ya mara masa baya. Wannan shi ne mayar wa rawani sandarsa.

Na biyu, kada a ba kwalekwale lasi sai an duba katakonsa, an rubuta adadin mutanen da zai ɗauka da fenti a jikinsa, an kuma ja layi a gefensa wanda in ruwa ya taɓa shi kowa ya san lodi ya isa. Amfanin layin shi ne ko tsohuwar da ba ta yi boko ba za ta iya gani ta ce a sauke ta. A hana fito bayan faɗuwar rana da lokacin da hadari ya haɗu. Rigunan ruwa kuma, irin waɗanda gwamnatin tarayya ta raba wa jihohi a 2025, a bakin mashigi ya kamata su kwana, a hannun Sarkin Ruwa, fasinja ya karɓa a wannan gaɓa ya ajiye a waccan. Rigar da ke kulle a sito sai ranar da manyan baƙi za su zo ba ta taɓa ceton kowa ba.

Na uku, kuma shi ne ya fi damuna, a keɓe wa kowane gari wurin wanka da iyo. Masana ruwa su zaɓi inda ƙasa take shimfiɗe ba gurbi, a kafa turaku masu farin ƙyalle a iyakarsa, inda ke da haɗari kuma a kafa masu ja. A sa lokaci, alal misali daga la'asar zuwa kusan magariba, a ajiye matashi gwanin iyo yana gadi, da doguwar gwangwala da igiya da jarka babu kowa cikinta an ɗaure murfinta. Jarkar nan mai cin lita 25 tana iya riƙe ƙaton mutum a saman ruwa. Ranakun salla, da jama'a ke cika rairayi, a ƙara masu gadi. Duk wanda ya haƙa rami don ƙasar gini ko yashi ko aikin hanya kuwa, a tilasta masa ya cike shi ko ya kewaye shi kafin ruwan farko ya sauka.

Na huɗu, a koya wa yara iyo da gangan, kamar yadda ake koya musu karatu. Kada a ce sai an gina tafkin siminti irin na otal. A Bangaladash, ƙasar da ruwa ya fi namu yawa kuma talaucinta sananne ne, a cikin tafkunan ƙauye suke kafa shinge da dandamali su koya wa yara iyo, ƙanana kuma a tara su wurin wata mata ta kula da su da hantsi, lokacin da iyaye mata ke fama da aikin gida. Mu da muke da Sarkawa a maƙwabta, malamai ba za su yi mana wuya ba. A nan dole in yi maganar 'yan mata. Su muke aike itace da talla da biki a ƙetaren gulbi, amma su ne muka hana koyon abin da zai cece su in jirgi ya kife. Ana iya kewaye wuri da zana, mata su koya wa mata, ba tare da an keta mutunci ko addini ba.

Haka nan a koya wa manya yadda ake ceto. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, don haka wanda ya faɗa ya rungumi mai nutsewa ba da sani ba, sau da yawa gawa biyu ake fitarwa. A miƙa sanda, ko a jefa igiya ko jarka. In an fito da mutum ba ya numfashi, a bar al'adar nan ta ɗaga shi ƙafa sama ko taka masa ciki wai don ruwa ya fita, domin ɓata lokaci ne. A kwantar da shi, a hura masa iska a baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa, a kuma garzaya da shi asibiti ko da ya farfaɗo. Ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma za su iya koyar da wannan cikin yini guda.

Na biyar, kada a manta da tsargiya. Ruwan da ke kwance, mai ciyawa da katantanwa, shi ke ɗauke da ƙwayar cutar, tana shiga ta fata, yaro ya riƙa fitsarin jini. A waɗansu wurare har ana ɗaukar wannan alamar balaga ce, alhali ciwo ne mai lalata mafitsara da ƙoda in ya daɗe. Yana da magani, ana ce masa Praziquantel, kuma akan raba shi kyauta a makarantu. Saboda haka wurin iyon da za a keɓe ya zama an share ciyawarsa, an hana yin bawali da bahaya a kusa da shi, ma'aikacin lafiya kuma yana zagayawa.

Ga Masu Cewa Kwana ne ya Ƙare

Akwai wata magana da ke kashe duk wani yunƙuri a ƙasarmu. Da zarar ruwa ya ci mutum sai a ce kwanansa ne ya ƙare, ko kuwa a ce mutanen ruwa ne suka karɓi rabonsu na shekara, daga nan a shafa fatiha a watse. Babu Musulmin da ke jayayya da ajali. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, kuma mu kanmu shaida ne a kan haka cikin sauran al'amuranmu. Manomin albasa na Aliero ba ya zuba iri ya tafi ya kwanta ya ce in da rabo za ta yi. Yana ban ruwa, yana sa taki, yana kwana a lambu don ɓarawo. Wanda ya karye kuma ba ya zama gida, wurin masu ɗori yake nufa. Me ya sa sai a kan ran yaro ne kaɗai muke tuna cewa dabara ba ta da amfani? Mai jirgin da ya ɗora mutum 60 a inda 30 ke shiga, don kwaɗayin kuɗin fito, bai kamata a bar shi ya ɓuya a bayan ƙaddara ba.

Masu jirage su ma suna da tasu hujja, kuma adalci ne a saurare su. Sukan ce man fetur ya yi tsada, katako ya yi tsada, in ba su cika jirgi ba ba za su ci abinci ba. Haka ne. To, sai a zauna da su a daidaita kuɗin fito a fili, a sauƙaƙa musu kuɗin lasi, a taimaka wa ƙungiyarsu da rancen gyara. Fasinja kuma ya san cewa ƙarin da zai biya bai kai kuɗin likkafani ba. Dokar da aka yi da masu sana'a ita ke daɗewa, wadda aka yi a bayan idonsu kuwa takan zama hanyar karɓar na goro.

Kammalawa

A 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don tunatar da mutane haɗarin nutsewa. A wurinmu ranar tana faɗowa ne daidai lokacin da damina ta kankama, gulbi yana ƙara cika. Ina ganin babu abin da zai hana ƙananan hukumominmu su riƙe ta ranar duba jirage da sabunta turaku, sa'an nan da kaka, in ruwa ya lafa, a shirya ɗan ƙaramin kabanci na yaran makaranta a Jega, a ba gwanayen iyo da na ceto kyauta a gaban iyayensu. Yaron da aka tafa wa a bainar jama'a don ya iya ruwa, ba zai ƙara sulalewa zuwa tafkin bayan gari ba.

Mu kuma ɗaliban Hausa muna da namu rabon aikin. Mu ne ya kamata mu rubuta dokar nan da harshen da mai fito zai gane, mu tsara shelar kasuwa da wasan kwaikwayon rediyo, mu kuma je wurin tsofaffin Sarkawa mu rubuta sunayen gurabe da mashigai da alamomin da suke gane halin ruwa da su, tun ba su tafi da saninsu ba. Idan mun koma gida hutu, kowa ya nemi kansilan mazaɓarsa ya yi masa tambaya guda: ina aka keɓe wa yaran garin nan su yi iyo, wa kuma ke gadinsu?

Abokin nan nawa yana nan da ransa, har ya yi iyali, kuma duk sanda muka haɗu sai mun yi wa makiyayin nan addu'a, ko da yake ba mu san sunansa ba. Sai dai ba kowace rana makiyayi ke wucewa ba. Magabata sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu da rairayi ke bushe, ƙafa na iya taka inda turaku za su tsaya, yanzu ne lokacin fafewa. Allah ya kiyaye mu da zuriyarmu, ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya kuma ba shugabanninmu kunnen ji. Amin.